Yadda Nomau Ya Ƙirga Masu Intanet

A Unguwar Magarya an yi wani mutum, Nomau, wanda in ka ce masa ya tsaya nan, to yana nan sai ka dawo ka sallame shi, ko da ruwa ake tsugawa. Gidansa daga shi sai matarsa Lantana da akuya ɗaya. An kore shi daga injin niƙa, an kore shi daga gidan burodi, har Lantana ta gaji da dariyar mata a bakin rijiya. Ita ta je ta durƙusa wa kawunta Isiyaku, manajan wani kamfanin intanet a yankin, ya ɗauki Nomau gadin turken sabis da suka kafa a bayan gari. Ranar da zai fara aiki ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye a bakin ƙofa.

"Malam, ka ga ƙullin nan? Ranar da aka sake korarka zan ɗauke shi, kuma ba na dawowa."

Shi kuwa Nomau duk duniya ba abin da yake so kamar Lantana. Kullum zai fita sai ya saci kallon ƙullin.

Wata rana Isiyaku ya ja masa kunne: "Kada ka bar kowa ya taɓa turken nan." Ba a jima ba tsawa ta ƙona wani abu a can sama, sabis ya ɗauke ɗif. Kamfani ya turo injiniya, Nomau ya tare shi da gora.

"Ni ne fa mai gyara," in ji injiniya.

"Yallaɓai bai ce ban da mai gyara ba."

Injiniya ya sa ƙafa a matakala, gora ta sauka a gadon bayansa. Ya hau babur da takalmi ɗaya, yana rantsuwar shi da garin nan har abada. Isiyaku, da ma gyaran ba ya gabansa, bai sake neman kowa ba. Akwatunan intanet da mutane suka sa a gidajensu suka zama kayan banza. Wasu suka mayar wa kamfani, wasu suka jefa bayan rumbu.

Wata rana hukumar da ke kula da sadarwa ta aiko tana tambayar gidaje nawa ke kan intanet ɗin kamfanin. Haka take yi wa kowane kamfani, da amsarsu gwamnati ke gane garin da ya samu da wanda ke jira. Isiyaku ya tura Nomau.

"Bi gida gida. Amma kada ka ƙirga gida sai ka ga akwatinmu a cikinsa da idonka."

Nomau ya shiga gidan farko, babu. Na biyu, babu. Hankalinsa ya tashi, don in ya koma hannu wofi ya san makomar ƙullin Lantana. Sai ya koma ofis ya ɗauko akwati ɗaya a hammata. Kowane gida ya je sai ya yi sallama, ya ajiye shi a tsakar gida, ya zuba masa ido sosai, ya jefa tsakuwar ƙirge a aljihu, ya ɗauke abinsa ya yi gaba. Bai bar masallaci ba, bai bar mahauta ba, har kangon da jemagu kaɗai ke kwana ciki. Da Isiyaku ya ji yadda aka yi, kuna tsammanin ya yi faɗa? Ina! Dariya ya yi har da hawaye, ya aika wa hukuma adadin yadda yake, gidajen da suka fi na garin yawa.

Wata rana sai ga motar hukuma. Wata jami'a ce, Malama Saratu, ta zo ganin wannan ƙauye da ya fi birni ci gaba. Isiyaku ya riga ya aro wata na'ura ya ɓoye a ofishinsa, sabis na gudu a nan kamar ruwan famfo. Ya tura Nomau tarbo ta.

"Inda intanet ke kamawa kaɗai za ka kai ta. Kada ka ratse ko'ina."

Nomau bai san da na'urar aro ba. Wuri ɗaya ya sani, don haka ya wuce da ita ta ƙofar ofis ko waiwaye babu, suka ratsa gonaki, suka tsallake rafi, suka hau dutsen da ke kan iyakar garin gaba. Ga rabin Unguwar Magarya a can, kowa ya ɗaga waya sama yana farautar sabis ɗin maƙwabta. Ga malamar asibiti tana fama ta tura hoton ciwon wata mai jego, ga ladan a kan reshen tsamiya. Malama Saratu ta zauna tana haki, ta saurari kowa.

Isiyaku ya iso a jiƙe da gumi, yana nuna Nomau da yatsa. Nomau ya runtse ido, ya san kora ce, ya ji kamar ya yi kuka. Sai Malama Saratu ta riga Isiyaku magana.

"Manaja, mutumin nan ya ce kai ka umarce shi ya kawo ni inda intanet ke kamawa. Ko akwai wani wurin da ka so in gani ban da nan?"

Isiyaku ya sauke yatsansa.

"Babu, Hajiya. Nan nake nufi."

"Madalla. Sai ku gyara turken. Zan riƙa zuwa dubawa, kuma wannan bawan Allah nake so ya riƙa yi mini jagora, kada in zo in ji ba ya nan."

Labari ya riga Nomau isa gida. Ya tarar da Lantana tana kwance ƙullinta, tana jera kaya a ɗaki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Yallaɓai ya ce kada in sake buɗe baki a gabansa."

"To, ka ji abin da ya ce," in ji Lantana. "Ko gaisuwa kada ka yi masa. Shigo ka ci tuwo."