Shinkafar Cikin Waya

Har ranar da muka je unguwar Romi, kallon babban mai ciyar da mayunwata nake yi wa kaina. Akwai wani wasa a wayata, duk tambayar da ka ci sai a ce an ba mabukata shinkafa. Na ƙware har ina yi wa mutane wa'azi a kai.

An ƙona ƙauyen su Yohanna, direban da muke aiki tare a Kakuri, danginsa suka gudo suka cika masa gida a Romi. Da za mu je jaje, wannan ya ɗauko masara, wancan doya. Ni na ɗauko caja.

Ana cikin jimamin waɗanda ba su tsira ba, na ciro waya na nuna wa mahaifiyarsa hoton kwanon wasan cike fal da shinkafa.

"Mama, duk wannan ni na tara wa masu yunwa."

Ta daɗe tana kallo. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko roba ta ajiye a gabana.

"Allah ya yi albarka, ɗana. A mota take? Ɗebo mana, yaran ba su karya ba."

Ba zolaya take ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai wayar ta saki kiɗan taya murna.

Har yau in aka kawo abinci wurin aiki, Oga Emeka makanike sai ya ɗauki hoton nasa ya turo min, ya ɗaga murya: "Alhaji Shinkafa, ka ƙoshi ko in ƙara?"