Rediyon Habu a Bayan Babur ɗin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama zakaran gudu na tsawon minti ashirin kacal ba. Ina aji biyar a sakandare a Gumel, ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba. Makaranta ta shirya gudun dogon zango daga hanyar Gagarawa, kyautar na ɗaya rediyo mai kaset.

Malamin wasanninmu, Malam Bitrus, mutumin Filato ne mai son tsari. Ya ce titin ya yi mana kaɗan, ga manyan motoci, don haka goma-goma zai riƙa sakinmu, minti biyu tsakani. Kowa aka maƙala masa kati a riga da lokacin tashinsa. Wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci, ba wanda ya fara isowa ba. (Daga baya na ji wannan bayanin. Lokacin da ake yin sa ina can ina nuna wa mutane sabon takalmin kambas ɗina.)

Rukunin farko na faɗa, ni kuma na fara isowa. Na ga rediyo a kan tebur, ban jira kowa ba na rungume abina. Kawu Sale, wanda ya taso takanas daga Maigatari, ya karɓa ya ɗaure a bayan babur.

"Bari in kai wa Hajiya ta sa albarka," ya ce. Kakata yake nufi.

Can Malam Bitrus ya gama lissafin katuna ya miƙe. "Na ɗaya, Habu Sule Tankarkar."

Habu shi ne na bakwai a shigowa, ko takalmi babu a ƙafarsa. A rukuni na uku ya tashi, ya fi ni da minti uku. Ni na huɗu na zo.

"Malam, ai kowa ya ga wanda ya fara shigowa," na ce.

"Kowa ya ga wanda ya fara tashi ma. Ina rediyo?"

Daidai lokacin Kawu, da ya gama nuna wa masu gadi kyautar, ya tayar da babur. Na bi shi a guje a gaban makaranta kaf, ina kiran ya tsaya. Sai a kwanar titi na cim masa, na gaya masa abin da ya faru.

"Wane irin tsere ne na bakwai ke cin na ɗaya?" ya tambaya yana kwance igiya. Na karɓi rediyon na koma da shi, kunya ta gama rufe ni.

Habu ya karɓi rediyonsa, ya dube ni ina haki.

"Da irin wannan gudun ka yi ɗazu, da ba sai ka dawo da shi ba."

Yanzu na ji ana liƙa wa masu gudu wata 'yar na'ura da ke auna lokacin kowa, ana ta musu a kan wa ya cancanta. Ni ba na sa baki. Abin da na sani, ba na taɓa kyauta sai an kira sunana, kuma ba na gayyatar Kawu kallo.