Injiniya Kashe-ka-kunna da Kwamfutar Hajiya Kaltume

Duk Unguwar Sarki babu wanda Allah ya buɗe wa ilimin kwamfuta kamar Malam Sharhabil Inuwa. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma wa zai ƙaryata mutumin da ya taɓa zuwa bita Abuja ya dawo da jaka mai tambari? A ma'aikatarsu kujeru da labule yake tsaro a sito. A unguwa kuwa, saboda tsabar girmamawa, Injiniya Kashe-ka-kunna ake ce masa.

Wata Asabar maƙwabciyarsa Hajiya Kaltume ta aika a kira shi. Kwamfutar tebur ta gidan ta ƙi tashi, ga kundin binciken 'yarta Ilham a ciki, ran Litinin za ta miƙa shi a jami'a. Injiniya ya iso da babbar riga da sukudireba. Ya danna maɓalli, shiru. Ya kashe soket ya kunna, shiru. Nan ilimi ya ƙare, amma baki bai ƙare ba.

"Hajiya, ki gode wa Allah da kika same ni. Wannan cutar daga ƙasashen waje ake turo ta. A Kaduna mu biyu muka san ta, ɗayan kuma ya rasu."

Ya kwance akwatin kwamfutar, ya zare duk wayar da ta yarda ta zaru. Wani ɗan ƙarfe ya yi masa gardama, ya nuna masa ƙarfi, ya fito har da abin da ke riƙe da shi. Da ya mayar da komai sai kusoshi suka yi ragowa, ya ce almubazzarancin kamfani ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Idon Ilham ya ciko. "Baba Injiniya, aikina fa?"

"Aikinki yana hannun ƙwararru. Sai na kai kwamfutar ɗakin bincikena."

Ɗakin binciken wani shago ne can cikin Rigasa, inda ya tabbata ba mai gane shi. Ya bar ta wurin Zaharaddeen mai gyara. Washegari da la'asar ya koma, ya tarar mai shago ya tafi masallaci. Injiniya ba mutumin da ake sa wa jira ba ne. Ya sunkuci baƙin akwatin da ke kan teburi ya jefa a but ɗin motarsa.

A falon Hajiya sai da ya sa aka kira maƙwabta.

"Da hannuna na yi mata tiyata. A Turai, aiki irin wannan lambar yabo ake bayarwa."

Ya danna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, Hajiya ta fara hamdala. Sai ga hoton wani ƙato mai gashin baki rungume da rago. Ilham ta duba ko'ina, babu kundi, raguna ne kala-kala.

"Sabon tsarin tsaro ne," in ji Injiniya. "Aikin yana bayan ragon."

Wayarsa ta yi ƙara. Injiniya ba ya amsa waya sai a sifika, don jama'a su ji irin manyan da ke nemansa.

"Alhaji, Zaharaddeen ne daga Rigasa. Kwamfutar dillalin raguna ka ɗauka, ga shi nan yana ta faɗa. Aikin yarinyar na ciro shi a filas, yana nan lafiya. Taku kwamfutar kam sai dai a sayi wata. Wannan jakin da ka ce shi ya fara buɗe ta, ya gama da ita."

Ilham ta sauke ajiyar zuciya. Hajiya Kaltume ta dubi allo, ta dubi baƙonta.

"Mayar musu da ragonsu, Injiniya," ta ce. "Jakin dai namu ne, ba mu da inda za mu kai shi."