Ranar da Na Faɗar da Rana a Tawa

Da azumin wata damina na tsara wa masallacin unguwarmu a garin Tawa ordinata, wato kwamfuta, mai buga ƙararrawar shan ruwa. Na san Nijar tana gaban agogon duniya da awa guda, sai na ƙara wa agogon ordinatar sakan dubu uku da ɗari shida. Ashe na'urar ta riga ta ƙara da kanta.

Liman ya ce, "Malam, ka gwada?"

Na ce, "Lissafi ba ya ƙarya."

Ranar da aka fara aiki da ita, hadari ya rufe sama. Ƙararrawa ta buga, tsofaffi suka yi bismilla suka kurɓi kunu. Gajimare na yayewa, sai ga rana tsaye. Duk muka rama azumin, Allah ya yafe mini.

Har yau, da la'asar, maƙwabcina kan leƙo ya ce, "Malam, mu sha, ko ba ka sallami rana ba?"