Ranar da Sarki Ya Shaƙi Iskar Kwarin Turare

A Dajin Marke kowa ya san matsayinsa, wanda ya manta kuwa akwai masu tuna masa. Zaki ke sarauta, Dila ke wazirci, manya na zaune a kogunan kan dutse, jakuna na ɗaukar kaya kamar yadda iyayensu suka ɗauka. Majalisa kan zauna da sanyin safiya ta tashi kafin rana ta yi zafi, domin manya ba sa shawara da gumi a jiki.

Shekara bakwai ke nan da fada ta gano cewa tsofaffin itatuwa malalata ne. Ɗorawa sai ta shekara goma ba ta yi abin kirki ba, tsamiya kuwa ba a magana. Aka sare su, aka dasa turare layi-layi, itacen da kan tashi kamar ana jan sa da igiya. Ana sarewa, jakuna su kai gidan wuta da ke bakin kwari, a ƙone, lantarki ya hau dutse ya juya fankokin manya. Aka ce makamashi ne mai tsabta, tunda abin da aka ƙone bana baɗi zai sake tsirowa. Har biki aka yi.

Idabari, tsohon jaki kuma shugaban masu dakon itace, bai je bikin ba, yana bakin aiki. Shi dai abin da ya sani, tun da turaren ya girma, da zarar rana ta take sai wani abu ya cika kwarin. Ba hayaƙi ba ne, ba hazo ba ne, amma ya sa ido hawaye ya kankare maƙogwaro. Ganyen wake ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa ruwan zafi. Matarsa Aura, wadda a da take haye gangaren da kaya tana yi masa tsiyar nawa, yanzu sai ta tsaya sau huɗu, ƙirjinta na kuka kamar tsohon zuga-zugi.

"Maigida, daina kallona haka, ban mutu ba tukuna," in ji ta.

"Wa ya kalle ki? Hanya nake dubawa."

"Hanyar a ƙirjina take?"

Ya je wurin Inna Zuma, tsohuwar ƙudan zuma da ta ƙare rayuwarta cikin ganye da fure. Ta ce, "Ganyen nan numfashi yake yi, Idabari. In rana ta gasa shi sai ya fitar da wani tiriri. Shi kaɗai ba ya komai. Hayaƙin gidan wutarku ma mun saba da shi. Amma in suka haɗu rana ta dafa su, sai su haifi abin da ke cin ƙirjin matarka. 'Ya'yana ma sun daina jin ƙanshin fure, su yini suna yawo su dawo hannu rabbana."

"To, Inna, ki zo ki faɗa a majalisa."

"Ni? Ranar da na taɓa shiga, da tsintsiya aka tarbe ni."

Don haka shi kaɗai ya hau dutsen. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ban zo neman a sare turare ba, ban isa ba. A rage wutar da tsakar rana, mu yi dakonmu safe da yamma. Matata numfashinta na ƙarewa, kuma ba ita kaɗai ba ce." Sannan ya kwashe bayanin Inna Zuma ya faɗa musu.

Aka kira Sarkin Iska ya ba da rahoto. Raƙumin Dawa ne ke riƙe da sarautar, an kuwa zaɓe shi ne saboda hancinsa ya fi na kowa nisa da ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kullum da asuba nakan shaƙi iskar gabas in shaƙi ta yamma. Ƙanshi ne zalla. Ni dai ban taɓa tari ba."

Waziri Dila ya gyara zama. "Jama'a, mu bi abin a hankali. Turare itace ne, kore shar, duniya ta shaida kore alheri ne. Hayaƙi kuwa ya girmi turaren, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Rana ba ta ƙarƙashin ikon wannan majalisa. Yanzu malam jaki na so mu hukunta wani na huɗu da ba a gani, ba shi da suna, ba shi da unguwa. Wa za mu aika wa sammaci?"

Aka yi dariya irin ta manya, wadda ba ta buɗe baki sosai.

Idabari ya ɗaga kai ya dubi Sarki. "Ranka ya daɗe, abin da rana yake zuwa. Ku kuwa da rana kuna ƙarƙashin fanka. Sarki ya sauko kwarin sau ɗaya da tsakar rana, ya shaƙa da hancinsa."

Zaki ya buɗe ido ɗaya. Ya daɗe ba a ce masa adali ba, ya kuwa yi marmari. Ya ce, "Za mu je ranar Laraba."

To, akwai al'ada a Dajin Marke: kwana uku kafin Sarki ya fita rangadi, ana kashe duk wata wuta da ke kan hanyarsa, kada hayaƙi ya taɓa gezarsa. Fada ba ta damu ba, tana da batir da ke riƙe fankoki kwana uku cif. Da Idabari ya ga an rufe gidan wuta, sai ya ruga wurin Waziri.

"Ranka ya daɗe, in aka kashe wutar ai abin ba zai..."

"Ƙarasa mana," in ji Dila. "So kake Sarki ya shaƙi hayaƙi? Furta da bakinka, ga shaidu."

Idabari ya rusuna, ya juya ya gangara kwari.

Ranar Laraba Sarki ya sauko rana na tsaka, da laima da 'yan rakiya. An share hanya, an yayyafa ruwa. Sama ta yi garau, iska ta kaɗa ganyen turare, ƙanshi ya tashi. Aka jera jakuna su yi maraba. Aura, wadda ta kwana uku tana shaƙar iskar Allah, ta cika ƙirji ba ta sani ba ta saki wani kukan da aka ji har bayan dutse.

"Wace ce wannan mai lafiyayyar murya?" in ji Zaki.

Dila ya rusuna. "Ita ce mara lafiyar, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi dariya har da hawaye, hawayen da babu ruwan iska a ciki. Ya yafe wa Idabari, domin shi mai haƙuri ne da tsofaffi. Sannan ya ba da umarni a dasa turare a makiyayar jakuna ma, don talaka ya samu ƙanshi har ƙofar gida. Kafin ƙurar tawagarsa ta kwanta an hura wutar. Ranar Juma'a Aura ta tsaya sau biyar a gangare.

Idabari ya zauna ya yi tunani irin na jaki, a hankali, amma har ƙarshe. Ya yi roƙo, ya kawo hujja, babu abin da ya kashe wutar nan sai abu guda: rangadin Sarki.

Tun daga ranar, kullum da sassafe yana ƙofar fada, shi da bai taɓa yi wa kowa kirari ba. "Sarki mai adalci! Hasken kwari! Talakawanka sun yi kewar fuskarka! A sake rangadi, ranka ya daɗe, a sake rangadi!" Fadawa suka ce tsohon ya shiryu. Waziri ya sa aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ana nuna shi ga baƙi a matsayin shaidar ƙaunar da ke tsakanin Sarki da jama'arsa. Zaki ya ji daɗi ƙwarai, ya yi alkawarin sauka kwarin sau ɗaya kowace shekara, in hidimomi sun bari.

Da hantsi Idabari kan sauko, muryarsa a dishe, ya tarar da Aura an ɗora mata itace.

"Yaushe zai zo?" in ji ta wata rana.

"Sun ce bayan damina."

Ta dubi gangaren, ta dubi rana da ke hawa.

"To, gobe ka ƙara ɗaga murya, maigida," ta ce, sannan ta ja numfashi iya wanda ya samu, ta fara hawa.