Telan Kwararafa a Cikin Injin Hoto

Wani tela ne a Kwararafa, ciwon baya ya sa shi a gaba har taka keken ɗinki ya gagare shi. Ga Sallah saura wata guda, ga yadin mutane jibge a shago. Likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya ga hoton ƙashin bayan. Hoton kuwa ba ya ɗaukuwa sai an cusa mutum cikin wani inji mai kama da ƙaton bututu, ya yi rabin awa bai motsa ba.

Shi kuwa gogan naka, ko banɗaki ya shiga sai ya bar ƙofa a buɗe. A Keke Napep ba ya zama a tsakiya, gara ya bar rabin jikinsa a waje.

Zuwan farko, mai kula da injin, wani Dantong, ya kwantar da shi a gadon injin ya danna maɓalli. Yana ganin rufin injin dab da hancinsa sai ya sulalo ta ƙasa, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mutumin da aka shigo da shi a tallafe, sai a bakin get aka kamo shi, rigar asibiti a buɗe ta baya. Zuwa na biyu ma haka, sai dai ya tsaya ya ɗauki wandonsa.

Dantong ya ce, "Oga, wannan na uku shi ne na ƙarshe. In ka gudu kuma, sai bayan wata uku. Layi ya yi tsawo."

Ran na uku matarsa Kubra ta rako shi, likita kuma ya ba shi ƙwaya ta kwantar da hankali. Aka cire masa zobe da agogo, aka sa masa farar riga, aka toshe masa kunnuwa. Kafin a tura shi ciki barci ya yi awon gaba da shi.

Can sai ya farka. Ya ɗaga ido, rufi a kan hanci. Ya taɓa dama bango, hagu bango. Ga farin ƙyalle a jiki, ga abu kamar auduga a kunne, ba kowa kusa. Ya ce a ransa, inna lillahi, ashe ƙwayar nan ce ajalina. Abin da ya fi ƙona masa rai, a rigingine aka ajiye shi, ko alƙibla ba a fuskantar da shi ba. Aikin 'yan unguwa ke nan, komai a gurguje. Ya yunƙura zai juya kan damansa, sai wata murya ta sauko daga sama.

"Oga, kar ka motsa."

Ya sandare. Ya ɗan yi mamakin mala'ika da oga a baki, amma ya ce wataƙila kowane gari da irin nasa.

Sai bugu ya fara, gwam gwam gwam, ta kai ta ƙafa. Ya ce shi ke nan, gudumar da malamai ke faɗa ce, ana gwada ta. Bai jira an tambaye shi ba, ya shiga zuba amsa: Ubangijinsa, addininsa, Annabinsa, har da waɗanda ba a tambaya.

Dantong ya ji surutu ya yi yawa, ya tabbata yanzu za a sake tsere. Ya yafito Kubra ɗakin da yake zaune, ya ce ta yi wa mijinta magana ta abin magana ko ya natsu. Kafin ta buɗe baki, tela ya riga ya shiga lissafa zunubai. Ya faɗi na "dawo gobe" da yake yi wa mutane alhali ko yanka bai yi ba. Ya faɗi ragowar yadin da yake ɓoyewa.

"Sai leshin Kubra," in ji shi yana shessheka. "Wanda mahaifiyarta ta kawo mata daga Makka. Na ce ɓarayi ne suka fasa shago. Wallahi ba ɓarayi. Na wata Hajiya na ƙona da dutsen guga, na ɗinka mata na Kubra. A yi min rangwame, kar dai maganar ta fita."

Dantong ya miƙa hannu zai kashe abin maganar, Kubra ta riƙe hannun. Leshin nan kwana uku ta yi tana kukansa, shi kuma yana taya ta tsine wa ɓarayi.

Hoto dai ya fito tas, domin tun da aka ce kar ya motsa ko yatsa bai ɗaga ba. Gado ya zaro shi a hankali. Ya ga fitila, ya ga Dantong, ya fara hamdala. Sai ya ga Kubra tsaye a bakin ƙofa, ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

Ta ce, "Sannu da dawowa. Sauko mu je gida."

Tela ya kama gefen gado da hannu biyu.

"Dantong, don girman Allah mayar da ni ciki. Can ya fi fili."