Ranar da Na Sa Inna Kulle

Kaset ɗaya ya rage mana na muryar marigayiya Inna, wanda ta aiko mini daga Tarka ina karatu a lakwal a Damagaram. Tsohuwar manhajar da ke wanke murya ta ƙi kwamfutata, sai na gina wata kwamfutar a cikinta, kamar ɗaki cikin ɗaki, na juye muryar can.

Na tara ƴan'uwa a Tanut, na ce kowa ya zo da wayarsa, ni injiniya zan raba musu muryar. Na kunna. Inna ta ce, "Kana cin abinci kuwa?"

Da na buɗe dosiyen, wato ma'ajiyar da kwamfutocin biyu ke tarayya a kanta, don in fito da muryar, wayam! Na duba rezo, hanyar sadarwar da ke tsakaninsu, na kashe na kunna, ina gumi har la'asar. Ashe ni da hannuna na toshe hanyar, wai don tsaro, na manta.

Babbarmu, Yaya Hadiza, ta kara wayarta a lasifika ta ɗauki muryar, tana share hawaye.

Har yau in ta gan ni sai ta ce, "Ga wanda ya sa Inna kulle. Baba ma bai iya ba."